Saflaya ya gayyace ni "shan shayi" a Guangzhou, in je ko in zille?

Ɗan_Kwari: Slm jama'a barkanmu da war haka. Don Allah waɗanda suka saba zuwa Guangzhou ku ba ni shawara. Na zo Canton Fair, babban baje kolin nan na China, na watan Oktoba, wannan ne zuwana na biyu, to mutumin da nake sarin yadi a wajensa, wani dattijo ne ɗan asalin garin, ya ce jibi ƙarfe 8 na safe zai zo otal ya ɗauke ni mu je "yam ca". Yarinyar da ke mana tafinta ta ce wai shan shayi ne, ni kuma na ɗauka irin na teburin mai shayi ne, biredi da ƙwai a tashi, sai ta turo min hotuna a WeChat na ga tebur maƙil da wasu ƙananan kwandunan gora an ɗora wani kan wani kamar madambaci, kowanne da 'yan ƙulle-ƙulle uku ko huɗu a ciki, wai dim sum. Shin akwai abin da musulmi zai iya sawa a baki a wurin nan? Ba na son in ɓata masa rai wlh, shekara 3 muna harka kuma har bashin kaya yake ba ni.

Mai_Waya_FarmCentre: Alhaji kar ka je. Alade ne zalla. Ka ce masa ciki ne ya ɗan murɗa maka, ka wuce Xiaobei, unguwar 'yan Afirka, ka ci tuwonka cikin kwanciyar hankali.

AbuKhalil_Xiaobei: Haba Mai Waya, ƙarya kuma daga farawa? Alhaji Ɗan Kwari ka saurare ni, shekarata 11 a garin nan. Wannan gayyatar ba ƙaramar karramawa ba ce. Mutanen Canton, wato Guangzhou, idan suka ɗauke ka baƙon kasuwa kawai to liyafar dare za su kai ka inda ake ta ɗaga kofin giya, amma idan dattijo ya ce zo mu je yam ca da safe to ya jawo ka jiki ne, wurin da yake zama da iyalinsa da abokan ƙuruciyarsa ne. In ka zille zai gane, ba yaro ba ne.

Amma maganar alade Mai Waya bai yi ƙarya ba. Bari in faɗa maka yadda abin yake. Siu mai, wannan mai rawayar riga da bakinsa a buɗe, naman alade ne aka haɗa da jatan lande. Char siu bao, farin biredin nan mai laushi da ya tsage a sama, gasasshen alade ne a cikinsa. Waɗannan ba su da wuya, a fili suke. Inda ake faɗawa rami shi ne waɗanda ba ka zata ba. Har gow da za a ce maka jatan lande ne kawai, yawancin masu dafawa suna sa kitsen alade a cikin haɗin don ya yi maiƙo. Curin naman sa da ake turarawa shi ma ana cusa masa kitsen alade don ya yi taushi. Lo mai gai, shinkafa mai danƙo da ake naɗewa cikin ganye mai kama da na bado, sunansa na kaza ne amma ka buɗe za ka tarar da tsiran alade a tsakiya. Lo bak go da yake kama da yankakken alale, shi ma da 'yan gutsattsarin tsiran alade a jikinsa. Kai hatta dan tat, ɗan kek ɗin ƙwai mai zaƙi, a tsofaffin gidaje da man alade ake murza fulawarsa. Ga kuma giyar shinkafa da suke ɗan zubawa a girki kamar yadda muke sa magi.

Maman_Hanif: Innalillahi, har da kek ɗin?? Ni wlh na ci dan tat ya fi a ƙirga lokacin da na raka maigida, a tunanina ai ƙwai da madara ne kawai 😭

AbuKhalil_Xiaobei: Maman Hanif ba duka ba ne, da yawa yanzu bota suke sawa musamman na gidajen biredi, amma sai kin tambaya. Abin da ya wuce kuma ba da sani aka yi ba.

Ɗalibi_a_Wuhan: Ƙarin bayani kaɗan yayyena. "Yam ca" da "dim sum" yaren Canton ne, wanda ake yi a Guangdong da Hong Kong da Macau, ba Mandarin ba. A Mandarin dim sum ɗin "dianxin" ake cewa. Alhaji ka ajiye waɗannan a wayarka ka riƙa nunawa: 清真 shi ne halal, "cing-jen" ake furtawa, 猪肉 naman alade, 猪油 kuma man alade. Na ƙarshen nan ya fi muhimmanci, don in ka ce ba ka cin naman alade sai ma'aikaciya ta gyaɗa kai ta kawo maka abin da babu tsokar a ciki amma da kitsen aka yi shi, ita a wajenta ba ta yi maka ƙarya ba, mai daban nama daban.

Hajiya_Mai_Labule: Hhhh kun tuna min zuwana na farko a 2014. Wata mai kamfanin labule ce ta kwashe mu mu uku, wani tsohon gidan shayi ne hawa uku, hayaniya kamar Kantin Kwari ana saura kwana biyu salla, tsofaffi sun baje jaridu suna ta surutu da ƙarfi na ɗauka faɗa ake. Muna zama aka kawo buta da wata roba babu komai ciki, to ni a raina na ce Allah sarki mutanen nan sun san wanke hannu, na miƙa hannu zan tsiyaya, ashe shayi ne tafasasshe, saura ƙiris in sale fatata. Ashe kofi da cokali da tsinkayen cin abinci ake ɗaurayewa da shi a juye ruwan a robar. Matar nan ta yi dariya har da hawaye. Sannan ga wasu mata suna turo kekuna kamar amalanke, tururi na tashi, suna kiran sunan abin da ke ciki, in ka ɗauki kwando sai ta buga maka tambari a wani kati da ke kan tebur, da katin ake lissafi a ƙarshe, akwai layin ƙarami, matsakaici, babba da na musamman. Ni dai ranar shayi na sha sai wani abu kamar ƙwallo da aka barbaɗe da riɗi da tafasasshen ganye, na koma masauki na jiƙa garin kwakina.

AbuKhalil_Xiaobei: Hajiya kekunan nan yanzu sun yi ƙaranci sosai, sai ɗaiɗaikun tsofaffin wurare. Yawanci takarda za a ba ka ka yi ta cankawa da fensir, ko ka haska lambar da ke manne a tebur da waya ka yi oda. Ni gsky na fi son na keken, kana ganin abu da idonka kafin ka ɗauka, kuma kana ganin tsofaffi suna tashi su tare keken tun daga ƙofar kicin don kar har gow ya ƙare kafin ya iso teburinsu.

Bazazzage_77: Ni abin da ya ɗaure min kai ƙafar kaza. Abin da a gida ake ba almajirai ko a zubar, su wai shi ne na manya, har suna suka sa masa wai faratan wani tsuntsu na tatsuniya. A soya, a jiƙa, a turara har ta kumbura ta yi ja, mutum ya sa a baki ya yi ta tofo ƙananan ƙasusuwa a tebur ko kunya babu. Na ga wata 'yar gayu da jaka mai tsada tana yi, na ce duniya da faɗi take.

Maman_Hanif: To Bazazzage mu da muke cin ganda da ƙafar sa da kayan ciki da fara me za mu ce wa wani 😂 ai su ma in suka ga muna gwaguyar fara haka za su ce.

Bazazzage_77: Fara daban ce Maman Hanif, kar ki haɗa sarki da bafade.

Malam_Na_Zaure: Assalamu alaikum. Tunda an zo kan kaza bari in sa baki. 'Yan uwa su lura, ba alade kaɗai ne abin dubawa ba, akwai yanka. Kaza ko sa da ba musulmi ko ma'abocin littafi ne ya yanka ba, ba ta halatta, ko da ba a haɗa ta da komai ba. Don haka ƙafar kazar nan da curin naman san duk hukuncinsu ɗaya a gidan da ba na halal ba. Jatan lande kuwa da kifi da sauran abin ruwa, a mazhabarmu ta Malikiyya halal ne, saboda hadisin da ya ce teku ruwansa mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne. Hanafawa ne suke da magana a kan abin da ba kifi ba. Amma in an gauraya shi da kitsen alade kamar yadda Malam Abu Khalil ya faɗa to magana ta ƙare. Alhaji shawarata ka gaya wa mutumin gaskiya tun yau, kar ka bari sai an cika tebur.

Mai_Waya_FarmCentre: Kun gani ko? Malam ma ya zo kan maganata.

AbuKhalil_Xiaobei: Ina Malam ya zo kan maganarka, kai ka ce a yi ƙaryar ciwon ciki shi ya ce a faɗi gaskiya 😂 Alhaji ga mafita, akwai gidan abincin musulmi 'yan asalin Canton, Huimin, a kan titin Zhongshan na 6 kusa da tashar jirgin ƙasa ta Ximenkou a layi na 1. Dim sum suke yi irin na gargajiya amma da naman sa da rago da kaza, kuma ba baƙi ne suka fi cika shi ba, tsofaffin unguwar ne, musulmi da waɗanda ba musulmi ba. Duk dattijon da aka haifa a Guangzhou ya san shi. Ka ce wa tafintar ta gaya masa kana murna da gayyatar amma addininka ya hana ka wasu abubuwa, ko zai yarda ku je can. Daga nan ma da ƙafa za ka taka zuwa masallacin Huaisheng a titin Guangta.

Ɗan_Zango_Kumasi: Nima na shaida. Amma ni wanda ya fi min daɗi na Hong Kong ne, akwai kantin abinci a hawa na 5 na ginin Masallacin Ammar da ke Wan Chai, dim sum na halal zalla, siu mai na kaza, har gow, da wannan cheung fun ɗin, shimfiɗaɗɗen ƙullun shinkafa da ake naɗe nama ko jatan lande a ciki a zuba masa baƙin ruwan waken suya. Ranar Juma'a in an sauko ba ka samun kujera, 'yan Indonesiya da Malesiya da Pakistan duk sun cika. Ka yi salla a ƙasa ka hau sama ka ci, hankalinka kwance. Tun 2018 akwai jirgin ƙasa mai gudu daga Guangzhou ta Kudu zuwa West Kowloon a Hong Kong, kamar awa ɗaya ne.

Hajiya_Mai_Labule: Ɗan Zango ka manta mai fasfon Najeriya sai da bizar Hong Kong daban, ta China ba ta shigar da kai. Kuma in bizarka ta shiga ɗaya ce ka fita to ka fita kenan. Kar ka sa Alhaji ya bar kwantenarsa a baya saboda ɗan wake na 'yan China.

Ɗan_Kwari: Hhh Hajiya ba inda za ni. Na gode jama'a, yanzu na tura wa yarinyar saƙo, ina jiran amsa.

Bazazzage_77: Wannan masallacin da Abu Khalil ya ambata ba shi ne aka ce Sa'adu bin Abi Waƙƙas ya gina ba? An kai mu ziyarar kabarinsa ma, kusa da tashar jirgi, inda ake cika ranar Juma'a ana sayar da gasasshen rago a waje.

Malam_Na_Zaure: Haka musulmin can suke riƙe da shi a al'adance, amma abin da ke cikin littattafan tarihinmu shi ne Sa'adu, Allah ya ƙara masa yarda, ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina aka binne shi a Baƙi'a. Abin da babu jayayya a kai shi ne fatake musulmi Larabawa da Farisawa sun zauna a garin tun zamanin daular Tang, fiye da shekara 1000 ke nan. Wato musulmin Canton ba jiya suka fara dafa abincin garinsu ba tare da alade ba.

Injiniya_Foshan: Ni fa zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. Na halal ɗin yana da kyau amma abokan aikina 'yan nan suna cewa ɗanɗanon ba ɗaya ba ne, wai kitsen ne sirrin. Kuma in dattijon nan irin masu alfahari da garinsu ne to wataƙila gidan shayin Tao Tao Ju yake son kai ka, wanda aka kafa tun 1880, ko Lin Heung na 1889, ko Panxi da ke bakin tafkin Liwan, don ka ga gini da tarihi. In ka ce a canza wuri kamar ka zo Kano ne mutum ya ce zai kai ka wajen mai tsiren da ubansa yake saya, ka ce a'a a kai ka wani. Ni abin da nake yi ina bin su, in sha shayi, in ci tafasasshen ganye da kunun shinkafa fari wanda ba a sa komai ba, a yi hira a tashi. Ai su kansu suna da karin magana, kofi ɗaya da 'yan loma biyu, ma'ana zaman ne abin nema ba cika ciki ba.

AbuKhalil_Xiaobei: Injiniya na fahimce ka amma ka san halin mutanen nan, mai masauki ba zai iya zama yana ci baƙonsa na kallo ba, zai yi ta ɗebo abu da tsinkensa yana ajiye maka a kwano, kai kana turewa shi yana jin kunya a gaban mutane. Na ga an yi haka, zaman ya yi tsami. Gara a gyara tun daga gida. Kuma ganyen ma ka tambaya da wane mai aka yarfa masa.

Injiniya_Foshan: Wannan kuma gaskiya ne, ni don sun riga sun san ni ne shekara da shekaru.

Ba_Damagare: Ni duk ba wannan ba, shayin ne ban gane ba. Ba sukari, ba madara, ba na'ana'a, ba kumfa, kofi kamar murfin kwalba. Wani baƙi da suka ba ni wai po lei, ƙamshinsa kamar ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Mu a Zinder in an ɗora buta a gawayi sai an yi zagaye uku kowanne da zaƙinsa, wannan kuwa ruwan zafi ake ta ƙarawa a ganye ɗaya har rana ta take. Kuma wai sai an biya kuɗin shayi a kan kowane mutum ko ka sha ko ba ka sha ba.

Ɗalibi_a_Wuhan: Baba Ba Damagare po lei ɗin shi ne pu'er, daga lardin Yunnan ake kawo shi, ajiye shi ake ya daɗe shi ya sa yake wannan ƙamshin, suna sha ne don ya wanke maiƙo. In bai yi maka ba ka ce a ba ka na furanni, mai jasmin ko guk fa, sun fi sauƙi a baki. Alhaji Ɗan Kwari ga abu biyu da za su burge dattijon. In ya zuba maka shayi ka lanƙwasa yatsu biyu ka ɗan ƙwanƙwasa tebur, godiya ke nan. Labarin da suke bayarwa wai sarki Qianlong ne ya ɓad da kama ya shiga gidan shayi da bayinsa, ya zuba wa ɗaya shayi, shi kuma ba damar ya faɗi ya yi gaisuwa asiri ya tonu, sai ya durƙusar da yatsunsa a madadin gwiwa. Na biyu in ruwa ya ƙare a buta ba a kiran kowa, murfin za ka ɗaga ka jingine, za a zo a cika. Kuma kar ka fara zuba wa kanka, ka zuba wa babba tukuna.

Hajiya_Mai_Labule: Ka ƙara da cewa kar ya soke tsinkaye a tsaye cikin shinkafa, wai kamar turaren da suke kunna wa mamaci ne. In tsinken ya gagare ka Alhaji ka nemi cokali mai yatsu ba abin kunya ba ne, har gow santsi gare shi, nawa sai da ya yi tsalle ya faɗa kofin wani.

Maman_Hanif: Hajiya ba kin ce riɗi da ganye kawai kika ci ba? 👀

Hajiya_Mai_Labule: Wannan a na musulmin ne daga baya, 'yar nema da baki 😂

Mai_Waya_FarmCentre: To wa zai biya? Don ni an taɓa gayyata ta wani wuri aka ci aka sha aka miƙo min takarda.

AbuKhalil_Xiaobei: Wanda ya gayyata shi ke biya, amma ka ɗan yi yunƙurin cewa "mai dan", wato a kawo lissafi, kana laluben waya, zai riƙe maka hannu ku ɗan yi ja-in-ja sannan ka bari. In ka matsa ka biya da gaske ka zubar masa da girma. Wasu ma tashi suke kamar za su bayi su je su biya a ɓoye. Kai dai Mai Waya ban san irin mutanen da kake harka da su ba.

Ɗan_Kwari: Jama'a na dawo da rahoto. Da yarinyar ta gaya masa sai ya kira ni da kansa yana ta ba da haƙuri wai bai yi tunani ba, ashe ya san Huimin ɗin tun yana yaro. Mun je yau, ya zo da matarsa da wani abokinsa, mun zauna daga 8 da rabi har kusan 11 kuma wlh ko sau ɗaya bai ɗauko maganar yadi ba, ni ne ma nake ta ƙoƙarin sako zancen farashi yana cewa in ci tukuna. Na ƙwanƙwasa tebur kamar yadda ɗalibinmu ya ce, abokin ya kwashe da dariya ya ɗaga min babban yatsa. Siu mai na naman sa ya yi, cheung fun ma ba laifi kamar alale ne da bai ji manja ba. Ƙafar kaza kuwa matar ta ajiye min guda a kwano tana kallona, na rufe ido na tsotsa. Bazazzage ba zan ce komai ba.

Bazazzage_77: Shikenan mun rasa Alhaji.

Injiniya_Foshan: Madalla. Amma ina nan kan bakata, wata rana ka bi shi Tao Tao Ju ko shayin kawai ka sha ka ga wurin.

Mai_Waya_FarmCentre: Farashin fa, ya rage ko ƙafar kaza kawai ka samu?

Ɗan_Kwari: Ya ce in zo ofis gobe.

Hajiya_Mai_Labule: Alhaji tunda kana can don Allah ka tambayar min kwandunan goran nan nawa ake sayar da dozin, masu ɗan girma, ina so in gwada turara alale da dambu a ciki. In ba tsada ka sako min guda 20 a kwantenarka, in ka iso Kano yarona zai zo Kwari ya karɓa.